Hukuncin launin abinci da ake tatsa daga funfuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, na ji cewa akwai jan launin da ake sa wa abinci wanda daga funfuna ake tatsar shi, kuma wai funfunar tana fitar da guba. Ya halatta a ci? In ya taɓa tufa, najasa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, amma sai an san abu kafin a yanke masa hukunci.

Funfunar da ta fi shahara a nan ita ce Monascus purpureus. Mutanen Sin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna renonta a kan turararriyar shinkafa: a bar ta cikin ɗumi da laima, a riƙa juyawa, har ƙwayar ta rine ta koma ja wur har cikinta, sannan a shanya a niƙa. Tana ba da rawaya da ruwan lemo da ja. To, da irin tubalan da take gina launin da su, wasu nau'o'inta suna gina guba mai suna sitirinin, wadda ke lahanta ƙoda. Yawanta ya danganta da nau'in funfunar da yadda aka rene ta. Wani nau'in kusan ba ya fitarwa.

Asalin abubuwa halacci ne. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 29, Shi ne Ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Funfuna ba jini ba ce, ba mushe ba, ba ta sa maye. Danginta ma Annabi (SAW) ya yaba, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito ya ce kam'a, wani naman ƙasa da ake tonowa a hamada, tana daga mannu, abincin da Allah Ya saukar wa Bani Isra'ila. Don haka launin mai tsarki ne, ka yi sallarka da tufarka. Ita kanta gubar ba najasa ba ce. Mutane suna cakuɗa biyun, alhali an hana cin guba ne don cutarwa, ba don rashin tsarki ba.

Maganar tana kan cutarwar. Hadisin "babu cuta, babu cutarwa" yana cikin Muwaɗɗa, kuma aya ta 195 a Baƙara ta hana mu jefa kanmu ga halaka. Sai dai ido ba ya ganin sitirinin, harshe ba ya gane ta. Abin da ya ɓoye haka, masana ake komar wa, kamar yadda ake komawa ga likita kan azumin majinyaci. Tarayyar Turai a 2019 ta rage iyakar wannan guba a kayan ƙarin lafiya na jar shinkafa daga maikurogiram 2,000 zuwa 100 a kowane kilo. Wanda aka gwada aka same shi ƙasa da iyakar da hukuma mai aminci ta gindaya, cinsa halal ne. Wanda aka tabbatar ya wuce, haramun ne a ci, haramun ne a sayar, kuma ɓoye sakamakon gwajin algus ne.

Wanda ba a san an gwada shi ba fa? Ba zan kira shi haram ba, amma ina ganin a bar shi, musamman mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. A Japan, a 2024, mutane da yawa sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda, wasu suka rasu, bayan shan ƙwayoyin ƙarin lafiya na jar shinkafa, inda bincike ya danganta abin da gubar wata shuɗiyar funfuna da ta gurɓata kayan.

Cewa ana rina giya da naman alade da shi a wasu ƙasashe bai haramta shi ba, kamar yadda giya ba ta haramta inabi ba. Mai shan maganin rage kitsen jini kuwa ya tuntuɓi likitansa tukuna, domin jar shinkafar tana ɗauke da monakolin K, wanda shi ne sinadarin maganin lobastatin.

Wallahu a'alam.