Tsohuwar Dell mai RAM 2GB: wace Linux za ta ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka tsohuwar kwamfuta Dell OptiPlex mai processor (ƙwaƙwalwar aiki) Core 2 Duo da RAM 2GB, Windows 7 na tafiyar hawainiya a kanta, kana tambayar ko Linux, wato babbar manhaja da ake sa wa a madadin Windows, za ta farfaɗo da ita. Za ta farfaɗo, amma kada ka sa mata nau'in Linux ɗin nan Ubuntu ta yau da kullum, nauyinta ya fi ƙarfin wannan RAM ɗin. Nemi nau'in Linux marar nauyi, wato Lubuntu ko Linux Mint Xfce. Core 2 Duo 64-bit ce, don haka ba ka cikin masu wahalar neman Linux mai 32-bit ta tsofaffin na'urori, wadda Ubuntu ta daina fitarwa tun bayan 2018.

Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin girka Linux ɗin da ka zaɓa, ka rubuta shi a filashi mai 8GB da manhajar Rufus. Ka fara kwashe hotuna da takardunka, domin girkawar na share faifan ajiyar kwamfutar gaba ɗaya idan ka zaɓi hakan. Kunna na'urar kana danna F12, ka zaɓi filashin. Kada ka yi gaggawar girkawa, fara gwada ta daga filashin ka ga sauti da allo da intanet suna aiki. Idan babu Wi-Fi, haɗa wayarka ta USB ka ba ta data.

Ni dai abin da ya fi canza tawa shi ne SSD, wato faifan ajiya mai sauri, ko mai 128GB ce. Burauza kuwa, shafi uku ko huɗu ya isa, fiye da haka za ta soma nishi. Kuma ka girka lokacin da wutar lantarki ta daidaita.