Ki bar ta ta je wajen dattijan ƙabilarta, amma ta fara ganin likita

'Yar'uwa, kin ce maƙwabciyarki a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, 'yar ƙabilar Kiri (Cree), ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, sau biyu tana barin cibiyar daina shan giya, yanzu tana son komawa wajen dattijan ƙabilarta, kina tambaya ko ki hana ta. Kada ki hana ta, ki ƙarfafa mata gwiwa. Sai dai ta fara ganin likita, domin wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya daina sha kwatsam, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya, har a rasa rai.

Na yi aikin jinya da irin waɗannan mata, kuma abin da ya fi korarsu shi ne tsoron a ƙwace musu 'ya'ya. Tsoron yana da tushe: iyayensu da kakanninsu aka raba da gida aka kai makarantun kwana na tilas, waɗanda sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe a Kanada. Wata da na kula da ita ba ta taɓa ɗaga ido a gaban ma'aikata ba, hannunta kullum damƙe da hoton ɗanta. Ranar da wata dattijuwa ta zo ta yi mata magana da harshensu, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ci abinci. Don Allah ki taya ta neman cibiyar da ke karɓar uwa tare da 'ya'yanta, ki kuma raka ta ranar farko.