Indonesiya cike take da musulmi, me ya hana jam'iyyun musulunci cin zaɓe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Muna yawan jin ana cewa Indonesiya ce ƙasar da tafi kowace yawan musulmi a duniya, amma kuma naji wai ba ƙasar musulunci bace a tsarin mulkinta, kuma jam'iyyun addini basa cin zaɓen shugaban ƙasa. Shin rauni ne na addinin mutanen ko me? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Batun rauni kam ajiye shi gefe, duk wanda ya taɓa zuwa aikin hajji yaga alhazan Indonesiya da tsarinsu da yawansu, a wasu lardunan ma mutum sai ya jira sama da shekara 20 kafin layin kujera yazo kansa. Mutanen sun haura miliyan 270 a ƙidayar 2020, kusan kashi 87 cikin ɗari musulmi ne. Abinda ya faru shine addini ya shiga siyasarsu ta hannun ƙungiyoyi da malamai, babu wata jam'iyya guda da ta iya cewa ita ce mai addinin, kuma wannan abu yana da tarihi.

Tushen maganar tun 1945 ne. Lokacin da ake shirin ƙwace 'yanci daga Holand an rubuta wata yarjejeniya a watan Yuni, Piagam Jakarta, a cikinta akwai kalmomi bakwai da suke cewa wajibi ne musulmi su bi shari'ar musulunci. Jagororin neman 'yancin, Sukarno, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, da Hatta, suka shelanta 'yanci ranar 17 ga Agusta, toh a yammacin ranar, kamar yadda Hatta da kansa ya bada labari, sai wani jami'in sojan ruwan Japan, da ta mamaye ƙasar a lokacin, yazo masa da saƙo cewa kiristocin tsibiran gabas sunce indai kalmomin nan suna ciki su ba zasu shiga sabuwar ƙasar ba. Washegari da safe Hatta ya zauna da jagororin musulmi, cikinsu harda Ki Bagus Hadikusumo shugaban ƙungiyar Muhammadiyah, kafin a shiga zama an cire kalmomin, aka maye gurbinsu da imani da Ubangiji Makaɗaici, wanda shine rukuni na farko cikin rukunai biyar na aƙidar ƙasar da suke kira Pancasila. Malamai da yawa suka ce ai wannan tauhidi ne, wasu kuma har gobe suna ganin wayo aka yi musu. A 1946 aka kafa ma'aikatar harkokin addini, kaga kenan ƙasar bata zama ta shari'a ba, amma kuma bata zama irin Turkiyyar Ataturk da ta raba addini da mulki ba.

Anyi gwajin ƙarfi a zaɓen 1955, jam'iyyun musulunci gaba ɗayansu suka tashi da kusan kashi 44, Masyumi wajen 21, Nahdlatul Ulama wajen 18, basu kai rabi ba kuma kansu a rabe yake. Masu ganin sai da bindiga, wato Darul Islam na Kartosuwiryo, sun yi tawaye daga 1949 har aka kama shi aka kashe shi a 1962, wannan kuma ya sa sojoji suka ɗauki duk mai kiran daular musulunci a matsayin abin tuhuma. Sukarno ya haramta Masyumi a 1960, Suharto, janar ɗin da ya gaje shi a mulki, da yazo sai ya tattara jam'iyyun musulunci ya cusa su dole cikin guda ɗaya, PPP, a 1973.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, ƙungiyoyi biyun nan. Muhammadiyah Ahmad Dahlan ne ya kafa ta a Yogyakarta a 1912, masu gyara ne, suna yaƙi da abinda suke gani bidi'a, ƙarfinsu makarantu da jami'o'i da asibitoci. Nahdlatul Ulama, NU a taƙaice, Hasyim Asy'ari da wasu malamai suka kafa ta a Surabaya a 1926, su kuma 'yan mazhabar Shafi'iyya ne masu maulidi da ziyarar kaburburan waliyyai da taron addu'ar mamaci, ƙarfinsu a makarantun kwana na karkara da ake kira pesantren, inda almajiri ke zaune gaban malami, kiai, yana biya littattafan larabci masu rawayar takarda. In kace sun ɗan yi kama da izala da ɗariƙa a wajenmu baka yi nisa da gaskiya ba, amma kar ka ja kwatancen da yawa. Kowacce mabiyanta miliyoyi ne masu yawan gaske, kuma talakan ƙauyen tsibirin Java in yana neman makarantar ɗa ko asibiti ko fatawa can yake zuwa, ba ofishin jam'iyya ba.

A 1984 a taronta na Situbondo NU ta karɓi Pancasila ta kuma janye jikinta daga PPP, tace kowa ya zaɓi wanda yaga dama, a taron ne aka zaɓi Abdurrahman Wahid, Gus Dur, jikan Hasyim Asy'ari, ya zama shugaban NU. Tun 1970 dama wani masani Nurcholish Madjid ya fito da taken musulunci eh, jam'iyyar musulunci a'a, aka yi ta zaginsa a lokacin. Gus Dur ɗin nan shi ya zama shugaban ƙasa a 1999 bayan faɗuwar Suharto, malami ɗan malamai, ido ya kusa tafiya gaba ɗaya, ga barkwanci, shi ya ɗage takunkumin da aka sawa 'yan asalin Sin kan bukukuwansu, ya kuma nemi afuwa kan kisan 1965 da 1966 da aka yiwa waɗanda ake zargi da kwaminisanci, wajen mutum dubu 500, wanda matasan NU ɗin suna da hannu a ciki, wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye ba. Da majalisa ta tsige shi a 2001 fitowa yayi ƙofar fada da gajeren wando yana ɗagawa magoya bayansa hannu. A 2002 wasu jam'iyyu suka nemi a dawo da kalmomi bakwai ɗin cikin tsarin mulki, shugabannin NU da na Muhammadiyah duka suka ce a'a, magana ta mutu a majalisa.

Amma fa kar ka ɗauka shari'a babu ita sam. Kotunan addini suna yanke hukuncin aure da saki da gado, akwai bankunan musulunci, akwai dokar halal ta 2014, lardin Aceh kuma yana da dokar laifuka ta shari'a harda bulala a bainar jama'a, cikin ikon cin gashin kai da aka bashi don kashe wutar tawaye.

Kuma addini yana iya kada ɗan siyasa warwas. Gwamnan Jakarta, Ahok, kirista ɗan asalin Sin, a 2016 yayi magana kan aya ta 51 a suratul Ma'ida cewa ana yaudarar mutane da ita don kar su zaɓe shi, bidiyon ya yaɗu, ranar 2 ga Disamba dubun dubatar mutane cikin fararen kaya suka cika dandalin Monas, shugaban ƙasa na lokacin, Jokowi, da kansa ya tako cikin ruwan sama da lema yabi sallar juma'a tare dasu. Ahok ya faɗi zaɓe a 2017 aka kuma ɗaure shi shekara 2 kan ɓatanci. Me Jokowi yayi? Da hannu ɗaya ya haramta ƙungiyar Hizbut Tahrir mai kiran khilafa a 2017 da ƙungiyar FPI ta masu tsattsauran ra'ayi a 2020, da ɗayan kuma ya ɗauko Ma'ruf Amin, shugaban majalisar malamai wanda ya bada shaida kan Ahok a kotu, ya mai dashi mataimakinsa a zaɓen 2019. Ni a ganina wannan shine siyasar Indonesiya tsirara, kuma ba duka ne abin yabo ba, domin 'yan tsiraru sukan sha wuya a tsakani.

Toh tunda kowane ɗan takara yana sa hula yana zagaya pesantren yana sumbatar hannun kiai, mai ƙuri'a baya jin ya saɓawa Allah don ya zaɓi jam'iyyar kishin ƙasa, farashin shinkafa da aikin yi yake dubawa. A zaɓen 2024 da Prabowo ya ci shugabancin ƙasa da kashi 58 da ɗoriya, a ƙuri'ar majalisa jam'iyyar PKB mai alaƙa da NU ta samu 10 da ɗoriya, PKS, wata jam'iyyar musulunci, wajen 8, ita kuwa PPP mai hoton Ka'aba a tutarta ko kashi 4 da ake buƙata bata kai ba, karon farko kenan da ta rasa kujera a majalisar ƙasa tun kafa ta. Wallahu a'alam.