Takobin Japan da kakanka ya dawo da shi daga yaƙin Bama: kar ka kai wa maƙeri tukuna

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Na ga hotunan da ka sa, kuma na karanta bayaninka cewa kakanka ne ya dawo da takobin daga yaƙin Bama, kana so ka san shekarunsa da wanda ya ƙera shi, sannan ka ce ranar kasuwa za ka kai wa maƙeri ya kankare tsatsar ya wasa shi. To don girman Allah wannan na ƙarshen ka dakata, shi ne ma ya sa na zauna nake rubuta maka da daren nan.

Ni ma irinsa na gada a gidanmu, kuma ni da hannuna na ɓata namu. Na zare ƙotar, na ga wutsiyar ƙarfen da ke shiga ciki ta yi baƙi ƙirin, sai na sa samfefa da toka na goge har ta yi ƙyalli, ina ganin gyara nayi. Sai bayan shekaru da harkar motoci ta kai ni birnin Nagoya na Japan na nuna wa wani dattijo mai sayar da takubba hotunan, wallahi mutumin shiru yayi na ɗan lokaci, sannan ya ce min abin da na goge ɗin nan shi ne shekarun takobin. Har yau abin yana min ciwo. Ita wannan wutsiyar suna ce mata nakago, kuma a al'adarsu ba a goge ta ko a wasa ta, launin tsatsarta ake dubawa. Baƙa mai santsi alamar ɗaruruwan shekaru ce, ja-ja ko wadda har yanzu ana ganin hasken ƙarfe da sawun magagari raɗau, wannan bai daɗe ba.

Labarin gidanku kuwa ya yi daidai da tarihi. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da Arakan, an kama garin Myohaung a Janairun 1945, kuma Hausawa da yawa ne a ciki, shi ya sa kake jin barikin Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya, duk daga yaƙin aka samo sunayen. Amma ka sani kuben soja daban, ƙarfen da ke ciki daban. Naka kuben ƙarfe ne mai zobe ɗaya na ratayewa, ƙota naɗe da zare, da zanen furen nan na Japan, sakura, a jikin tagullar, to wannan ya fi kama da na hafsoshi samfurin 98 wanda aka fara a 1938. Da a ce ƙotar ta alminiyon ce da aka yi wa zanen zare, da lamba a jikin ƙarfen kusa da ƙota da kuma bakin kuben, da na ce maka samfurin 95 ne na su saje, aikin inji ne, magana ta ƙare. Amma na hafsoshi kowa shi yake sayen nasa, wani sabon ƙarfe yake sa wa, wani kuma takobin kakanninsa mai shekara 300 ko 400 yake ɗaukowa a yi masa kuben soja ya tafi da shi. Saboda haka sai ka buɗe.

Buɗewar ba wuya. A jikin ƙotar akwai wata 'yar ƙusa ta gora, mekugi, gefe ɗaya ya fi kauri, ka tura ta daga siririn gefen da ɗan tsinke ta fita, wani lokaci biyu ne. Ka riƙe ƙotar tsini na kallon sama ka bubbuga wuyan hannunka da ɗaya hannun har ta saki. Ka nannaɗe kaifin da ƙyalle mai kauri, abin nan ko ya shekara 80 a ajiye yana yanka fa. In ta ƙi fita kar ka sa guduma.

In ta fito ka duba fuska biyu. Gefe ɗaya sunan maƙeri, ɗayan kuma sau da yawa kwanan wata. In ka ga 昭和 a sama, Showa kenan, zamanin sarki Hirohito da ya fara a 1926, sai ka tara lambar da 1925, misali 昭和十八年 shekara ta 18 kenan, wato 1943. Sannan ka duba can sama kusa da inda kaifi ya fara ko akwai ɗan ƙaramin hatimi. Hatimin Seki ko na Showa mai siffar fure galibi yana nuna ba a bi hanyar gargajiya gaba ɗaya ba, a garin Seki na jihar Gifu an yi irinsu da yawan gaske lokacin yaƙi. Hatimin tauraro kuma na maƙeran da soja suka tantance ne masu aiki da ƙarfen gargajiya, wannan yana da daraja.

In babu hatimi, tsatsar baƙa ce, kuma ka ga rami biyu ko uku a wutsiyar, to ka fara murna kaɗan, ana yawan samun haka in an gajarta tsohon takobi an sake masa ƙota. Japanawa suna kasa zamanin takubba ne haka, Koto duk abin da aka yi kafin 1596, Shinto daga nan zuwa wajen 1780, sai Shinshinto har 1876 lokacin da gwamnati ta hana yawo da takobi, abin da ya biyo baya na zamani ne. Lanƙwasar ma tana magana, na wajen 1660 zuwa 1670 kusan miƙaƙƙu ne. Kuma rashin suna ba aibi bane, tsofaffi masu kyau da yawa sunan ya tafi wajen gajartawa. Ganin babban suna ma kar ya ruɗe ka, sa hannun bogi ya cika ko'ina tun ɗaruruwan shekaru, su kansu Japanawa ke yi. Hukuncin ƙarshe sai ƙungiyar NBTHK ta Tokyo mai kula da takubban Japan da aka kafa a 1948, su ke ba da takardar shaida, amma sai takobin ya je can, kuma Japan ba ta yi wa na inji rajista, don haka kar ka yi saurin tunanin aikawa.

Abin da zan roƙe ka yanzu, ka sake mana hotuna. Ƙarfen tsirara daga tsini har ƙarshen wutsiya a kan baƙin ƙyalle, wutsiyar fuska biyu tsini na sama don rubutun ya karantu, sai tsinin kusa-kusa, da zanen nan mai kamar gajimare da ke bin kaifi wanda suke kira hamon, ka karkata shi a hasken ƙwan lantarki zai fito. Ka auna daga tsini zuwa inda wutsiya ta fara, in ya wuce santimita 60 katana ne, wato dogon takobinsu. Kar ka sa alli ko hoda a rubutun wai don ya fito.

Shi kuma jikin ƙarfen, ban da wutsiyar, ka shafa masa man keken ɗinki kaɗan da tsumma mai laushi, ka daina taɓa shi da yatsa don gumi ne ke kawo tsatsa, ka ajiye a kwance nesa da yara da danshin damina. In akwai wani ɗan ƙyalle ko katako mai rubutu a ɗaure a kuben kar ka yar, sau da yawa sunan mai shi ne. Kuma in akwai sauran tsofaffi a gida ka tambaye su bataliyar da kakanka yake, ka rubuta ka ajiye tare da takobin. Ka turo hoton wutsiyar, in sha Allahu zan gwada karanta maka.