Abin da ya sa ba mu sa almakashi ba tukuna

Ɗazu ina tsakiyar auna bayan kujera ka ce da ni, "Oga, yau kwana huɗu fijon Alhaji tana nan, kuma ya turo hoton kalar da yake so a waya, me ya hana mu je kasuwa mu yanko leda?" Na yi shiru don lissafi ne a bakina. To, jawo benci ka zauna.

Motar nan Peugeot 504 ce, ta mahaifinsa, kuma a nan Kaduna, a masana'antar Peugeot da ke Kakuri, aka harhaɗa ta. Tun 1975 masana'antar ta fara aiki, ita kuwa 504 a Faransa ta fara fitowa a 1968. Mutumin da ya ajiye irin wannan shekara da shekaru bai sayar wa 'yan gwangwan ba, abin da zai fara dubawa in ya zo karɓa shi ne kalar. Ruwan makuba ya ce yana so, kuma ba da shi ta fito daga kamfani ba.

Hoton waya ba ya nuna kala ta gaskiya. Buɗe shi a wayarka, in buɗe a tawa, ka ga ja iri biyu. Shi ya sa jiya na aike ka ka karɓo guntaye uku wurin masu leda. Ka lura da inda na kai su? Na shimfiɗa su a kan kujerar da tsakar rana, na sake dubawa da la'asar, na kuma duba da dare a hasken fitilar shago. Wanda ka ce ya fi kyau, da rana ta buge shi sai ya koma kamar ruwan goro. Da mun yanko yadi goma nasa, wa zai biya? Gobe Alhaji zai zo da kansa, ya tsaya a rana, ya nuna wanda yake so, ya sa hannu a bayan guntun. A raba guntun biyu, rabi nasa, rabi namu.

Sannan ciki ba abu ɗaya ba ne. Akwai ledar kujera, akwai kafet, akwai rufi, akwai robobin ƙofa da sanduna, ga zare. Kowanne yadda yake karɓar kala daban. Kafet yana shanye haske, sai ya yi duhu. Leda tana ƙyalli, sai ta yi haske. In ka dage sai sun zo iri ɗaya sak, ba za su zo ba, za su yi kusa ne kawai, kuma ido ya fi saurin kama wanda ya yi kusa ya kuskure. Gara ka raba su da gangan: kujera makuba, kafet ya fi ta duhu sosai, rufi ruwan madara don cikin motar kada ya zama kamar rami. Saman dashbod kuwa baƙi zan bar shi, ko Alhaji ya ce a sauya zan ba shi haƙuri. Ka sa masa kala mai haske, inuwarsa za ta hau gilashin gaba, direba ya riƙa ganin dashbod maimakon titi.

Ranar saye, duk daga bandir ɗaya za mu yanko. Na auna yadi tara zai ishe mu a faɗin inci 54, amma sha ɗaya zan saya. Ina yaro irinka na taɓa tsuke hannu, leda ta ƙare saura ƙofa ɗaya. Na koma wurin mai shago, suna ɗaya, lamba ɗaya, amma sabon bandir. A shago ba ka ganin bambanci. Da aka fito da motar rana, ƙofar nan ta fita zakka. Maigidana bai yi faɗa ba, ya dai sa na kwance ƙofofi huɗun, kuɗin kuma daga aljihuna.

Na ji ka kana ce wa abokinka da fenti aka fesa wa tsoffin kujerun da an huta. Fentin jikin mota ba ya lanƙwasa. Mutum ya zauna sau ashirin, ya tsattsage kamar ƙasar fadama a rani. Robobi masu tauri su kaɗai za mu fesa, da fentin da aka yi don roba, su ma sai an wanke su fes. Man goge dashbod ɗin nan da masu wankin mota ke shafawa yana shiga jikin roba, in ka fesa a kansa fentin ya riƙa gudu yana barin ramuka. Sabulu da buroshi, a bushe, a sake, har sai ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a kai.

Alhaji ya yi zancen fata ta gida. Fatar jar akuya ta Sakkwato fata ce ta nuna wa sa'a, har Turai ana nemanta, amma akuya ƙarama ce, kujera ɗaya sai ta cika da haɗi. Ga kuma rini. Duk abin da za ka ɗora a kujera mai ja, jiƙa farin ƙyalle ka murza shi da ƙarfi sau goma. In ƙyallen ya ɗauko kala, ajiye. Ka tuna mutumin nan farar shadda yake sawa ranar Juma'a, ga zafin watan Afrilu, ga gumi.

Kwana huɗun nan kuma ai ba zaman banza muka yi ba. Tsoffin rigunan kujerar da na hana ka yaga, su ne ma'auninmu. Da reza ake farke ɗinkin a hankali, kafin a raba gida biyu a ja alli a kan haɗin, a rubuta dama ko hagu, sama ko ƙasa. Tsohuwar leda ta miƙe a inda ake zama, ta takure a inda rana ta ci, don haka ta wajen fasinja muke kwafa, ta direba ta riga ta ɓata. Soson ciki ya mutu, yana zuba kamar garin kwaki. Sabuwar riga a kan mataccen soso wata biyu ta yi tattara, saboda haka sabo za mu yanka mai tauri, mu ɗaure waya biyun da suka karye a ƙasa. Da muka ɗaga kafet kai ma ka ga tsatsa a wajen ƙafar direba. Sai mai walda ya gama kafin wani sabon abu ya shiga motar, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda leda. Kwalayen ƙofa ruwan damina ne ya kumbura su, don wani ya cire ledar da ke tare ruwa a bayansu bai mayar ba. Za mu mayar.

In an zo ɗinki zan ba ka guntu ka gwada a keke kafin ka taɓa na gaske. Taku biyar ko shida a inci, kada ka matse, in ba haka ba ledar ta tsage a kan layi kamar takardar rasit. Ramin allura a leda kuma ba ya rufewa.

Yanzu tashi ka kwashe guntayen nan daga rana. Gobe da sassafe ka biya Panteka ka nemo mana hannun ɗaga gilashi guda biyu na 504, ka riƙe tsohon a aljihu ka gwada haƙoransa kafin ka biya kuɗi.