Abokan aikina sun tara takardu, ni ko ɗaya: in bar topoloji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Farfesa. Ni ƙaramin malami ne a sashen lissafi na wata jami'a a nan Gombe. Na gama digiri na biyu, kuma burina in yi na uku a topoloji na aljebara, fannin da ke nazarin siffofi da kayan aikin aljebara. Shekara biyu ke nan ina fama da karatu ban fitar da takarda ko ɗaya ba, alhali waɗanda aka ɗauke mu aiki tare har sun cike fom ɗin ƙarin girma. Wani ya nuna min mujallar da ke bugawa cikin mako biyu in an biya kuɗi. Wallahi hankalina ya tashi. Ni ne ban iya ba, ko fannin ne ba namu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Shekara biyu ba takarda ba abin mamaki ba ne a wannan fanni, domin kafin mutum ya kai inda ake sabon bincike sai ya ratsa homoloji, kohomoloji da rukunonin homotopi, wato hanyoyin gano ramukan da ke cikin siffa, ga kayan aljebara da ke ƙarƙashinsu. Shawarar da aka ba ka ita ce abin tsoro, kuma a kanta zan tsaya.

Akwai wani tunani da ya yi katutu a sassan lissafinmu, wai da zarar an buga abu ya zama gaskiya, kuma yawan takardu shi ne girman malami. Ƙarya ne. Abin da ke tsayar da sakamako a lissafi hujja ce da masana suka bi layi-layi suka rasa inda za su karya ta. A mujallar kirki edita yana tura aikinka ga wanda ya san fannin, ya zauna da shi watanni, sau da yawa fiye da shekara. Wanda ya ce ya tantance hujjar homotopi cikin kwana goma sha huɗu bai karanta ta ba, shaidar biyan kuɗinka kawai ya karanta.

Dubi Vladimir Voevodsky. An haife shi a Mosko a 1966, ya yi digiri na uku a Harvard a 1992, ya karɓi lambar Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo a lissafi, a 2002 saboda aikin da ya shigar da dabarun homotopi cikin jiyometiri na aljebara. A 1991 shi da Mikhail Kapranov sun buga wata takarda a kan alaƙar wasu tsare-tsaren aljebara da nau'o'in homotopi. A 1998 Carlos Simpson ya kawo misalin da ya ci karo da sakamakonsu, amma bai nuna layin da kuskuren yake ba. Voevodsky ya ci gaba da ganin shi ne da gaskiya har 2013, sannan ya gamsu cewa aikin nasu ne ke da ɓaraka. Irin wannan na cikin abin da ya sa ya ƙarasa rayuwarsa, har rasuwarsa a 2017, yana gina tsarin da kwamfuta za ta riƙa tantance hujja. To idan kuskure zai iya ɓuya wa mai lambar Fields shekara ashirin da biyu, me kake zato yana kwance cikin takardar da ba wanda ya duba?

Kuma kurakuran ba a nesa suke ba. Ɗauki ƙa'idar van Kampen, wadda ke lissafa rukunin tushe na siffa (tarin hanyoyin zagaye da ba sa tsukewa su koma ɗigo) daga na guntayen da suka rufe ta. Ka rufe da'ira da buɗaɗɗun baka guda biyu, kowanne ana iya tsuke shi ya koma ɗigo. Mai gaggawa zai ce ashe rukunin tushe na da'ira ba komai a cikinsa. Amma mahaɗar bakan nan biyu guntaye biyu ne da ba sa taɓa juna, ƙa'idar kuwa ta shardanta a iya tafiya daga kowane ɗigo na mahaɗar zuwa wani ba tare da an fita ba. Amsar gaskiya Z ce, wato rukunin cikakkun lambobi. Sharaɗi ɗaya aka tsallake, komai ya rushe. Irin wannan tsallake ne ke cike da mujallun kuɗi, kuma wanda ya san aiki a shafin farko zai gan shi.

Illar ba ta tsaya a asarar kuɗi ba. Duk farfesan da ka rubuta wa neman gurbin digiri na uku zai binciki sunanka, kuma gara ya tarar ba komai da ya tarar da takardu biyar a inda kowa ya san sayen shafi ake yi. Ba a goge su, suna nan a intanet da sunanka. Kwamitocin ƙarin girma da ke ƙidaya takardu kamar buhunan masara a kasuwar Kumo, ba tare da an buɗe ko ɗaya ba, su suka raya wannan kasuwa. Grigori Perelman, masanin lissafi ɗan Rasha, takardu uku ya sa a arXiv, rumbun intanet da masu bincike ke ajiye aikinsu kyauta, tsakanin 2002 da 2003, bai kai su wata mujalla ba, da su ya warware shahararriyar tambayar topoloji da Henri Poincaré na Faransa ya bari tun 1904. Da fom ɗinmu aka auna shi, Allah kaɗai ya san matakin da za a ajiye shi. Sauri dai ya haifi nawa.

Kafin ka aika aiki ko'ina, duba ko mujallar tana cikin rumbunan da ke jera mujallun lissafi, wato zbMATH, wanda kyauta ne, ko MathSciNet. Duba editocin, ka ga ko suna da aiki a sashen topoloji na aljebara (math.AT) na arXiv. Mujallar da ta fara turo maka wasiƙa tana roƙon takarda, tana buga lissafi da noma da kasuwanci a fitowa ɗaya, rabu da ita.

Game da karatu, littafin topoloji na aljebara na Allen Hatcher na 2002 yana nan kyauta a shafinsa. Kada ka karanta shi kamar jarida, ka yi atisayen da biro. Gwada kanka: lissafa homoloji na kwalbar Klein, siffar nan da ba ta da ciki da waje, da hannu. Idan a mataki na farko ba ka samu Z haɗe da Z/2 ba, ko ka samu amma ba ka iya faɗin inda biyun nan ta fito ba, da sauranka.

Babbar buƙatarka mai duba aiki ce, wanda shi kansa yana bincike a fannin. Cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya domin 'yan ƙasashe masu tasowa, AIMS kuma, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, tana da cibiyoyi a Gana, Senegal, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu. Tambayi ofishin jami'arku tsarin tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tun da wuri, don fayil yana daɗewa a kan tebur. In za ka rubuta wa farfesa, taƙaita yabo. Faɗi babin da ka gama, takardarsa da ka karanta, da ainihin layin da ya tsaya maka a cikinta, sannan ka haɗa da atisaye biyu ko uku da ka warware da kanka.