Filin Tambaya da Amsa: littafin ya ce na'urata zata yi aiki, amma ta ƙi

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon tambayoyin da suka shigo kusan duk akan abu ɗaya suke, wato shafukan nan na littafin bayani da ake kira man da suke zuwa da manyan manhajoji irin su FreeBSD, OpenBSD da Linux, musamman waɗanda suke magana akan direbobin na'urori, wato 'yan manhajojin da suke sa kwamfuta ta iya aiki da kowace na'ura. Na zaɓo huɗu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na saka OpenBSD a wata tsohuwar laftof ɗina amma wifi ɗin ciki bai tashi ba, sai na buɗe shafin man na wani direba naga jerin sunayen 'yan wifi na USB da akace suna aiki, na kwafi suna ɗaya naje kasuwa na sayo irinsa sak, suna ɗaya kwali ɗaya, na soka amma ko motsi. Dan Allah ƙarya suke rubutawa a ciki ne? Kuma wai waye ma yake rubuta abin? — Wani ɗalibi daga Zariya

AMSA: Ɗan'uwa ba ƙarya sukayi maka ba, amma kuɗinka kam na tausaya masa.

Shi wannan littafi tsoho ne, tun watan Nuwamba na 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da na farko a Bell Labs na Amurka, kuma tun a lokacin aka kasa shi sashe sashe da lamba. Sashe na 1 na umarnin da kake bugawa ne, na 2 da na 3 na masu rubuta manhaja ne, shi kuma na 4 na na'urori ne da direbobinsu. Shi yasa zakaga ana rubuta sunayen direbobi kamar athn(4) ko urtwn(4) ko re(4), wannan huɗun lambar sashe ce. A gidan BSD, wato su FreeBSD da OpenBSD, kusan kowane direba yana da shafinsa, kuma yawanci wanda ya rubuta direban shi ne yake fara rubuta shafin, daga baya wasu su riƙa ƙarawa suna gyarawa. Galibinsu 'yan sa kai ne, babu wani ɗaki cike da kaya da suke gwada kowace na'ura ta duniya a ciki. Abinda ya shigo hannunsu, ko abinda wani ya gwada ya aiko da rahoto, shi ne yake shiga jerin.

Toh ga inda matsalar take. Direba bai san sunan da ke jikin kwali ba, bai ma damu da shi ba. Abinda ya sani shi ne cip ɗin da ke cikin na'urar da kuma lambobi biyu da na'urar take faɗa idan an soka ta, lambar kamfani da lambar samfuri. Su kuma kamfanoni sukan canja cip ɗin ciki gaba ɗaya su bar sunan yadda yake, kamar dai buhun shinkafa da tambarin bai canja ba amma abinda aka ɗura daban ne. Misalin da kowa ya sani a wannan harka shi ne TP-Link TL-WN722N. Fitowar farko, v1, cip ɗin Atheros AR9271 ne a ciki kuma yana bayyana da lamba 0cf3:9271, a OpenBSD athn ne yake riƙe shi. Da v2 ya fito sai ya koma Realtek RTL8188EUS da lamba 2357:010c, wani direba ne daban kwata kwata. Suna ɗaya, eriya ɗaya, amma a wajen kwamfuta ko dangi basu haɗa ba. Idan wanda ya saka sunan a shafin ya saka shi tun kafin v2 ya fito, ai a ranar da ya rubuta gaskiya ya faɗa, kasuwa ce ta juya masa baya, kuma babu kamfanin da yake aiko wa masu kula da shafukan nan wasiƙa yace ga shi mun canja.

Kafin ka jefar da shi yi abu biyu. Soka shi ka buga dmesg ka duba layukan ƙarshe. Idan kaga ya fito da sunan ugen, ma'ana kwamfutar ta ganshi amma babu direban da ya karɓe shi, sai ka buga usbdevs -v ka kwafi lambobin nan biyu, su ne zasu gaya maka ainihin abinda ka sayo. Idan kuwa ya fito da sunan athn0 amma ya ƙi kama netwok, to da alama famwaya ce babu, wato ɗan fayil ɗin da ake ɗura wa cip ɗin kafin ya farka, OpenBSD bata saka da yawa daga cikinsu a faifan girkawa saboda sharuɗɗan lasisi, sai ka buga fw_update ya sauko da su. Nasan zakace ai intanet ɗin ne babu, haɗa wayarka ta Android da kebul ka kunna raba data ta USB, direban urndis yana ɗaukar wayoyi da yawa. Kuma wannan maganar ta famwaya tana nan rubuce a shafin da ka karanta, ƙasa kaɗan da jerin sunayen, mutane ne basa ƙarasawa.

Nan gaba in zaka sayi irin wannan kaya duba bayan kwali ko jikin sitika, akwai inda ake rubuta Ver ko V da lamba. In mai shago ya yarda ma ka tafi da laftof ɗin ka gwada a gabansa.

TAMBAYA: Ni gyaran kwamfuta nake a Farm Centre, Ubuntu nake amfani da ita wajen gwada kaya. Naji kana cewa kowane direba yana da shafi, amma na buga man r8169 yace babu. Ko tawa ce bata cika ba? — Mai gyara daga Kano

AMSA: Maigida taka ƙalau take, tsarin gidan ne daban. A BSD zuciyar manhajar, wato kanel, da umarnoni da littafin duk a rumbu ɗaya suke kuma tare ake sakinsu, wanda ya taɓa direba idan bai taɓa shafinsa ba 'yan'uwansa zasu masa magana tun kafin a karɓi gyaran. A Linux kuwa, wato gidan da Ubuntu ɗinka ta fito, kanel aikin wasu ne, shafukan man aikin wasu ne daban. Aikin shafukan man na Linux tun 1993 yake, Michael Kerrisk ya daɗe yana riƙe da shi daga 2004, yanzu Alejandro Colomar ne, kuma ƙarfinsu yana sashe na 2 da na 3. Sashe na 4 nasu ɗan kaɗan ne, abubuwa irin null da random da tty da sd, ba zaka samu shafi na kowane katin netwok ba.

Bayanin direbobi a can yana cikin jakar Documentation ta kanel ɗin, sannan ga modinfo. Buga modinfo r8169 zakaga layuka masu farawa da alias, a cikinsu akwai lambobin duk na'urar da direban ya yarda zai ɗauka, sai ka buga lspci -nn ka kwatanta, idan kaga 10ec:8168 wannan Realtek ne kuma yana cikin jerin. In ka tambaye ni, hanyar Linux ta fi gaskiya ta wani ɓangaren tunda daga cikin direban kanshi ake ciro jerin, ba zai tsufa ya bar direban ba, amma bata gaya maka komai da harshen mutane, babu inda zata ce maka wannan katin yana da matsala kaza ko ga ma'anar saƙon kuskure kaza. Ni dai idan dare yayi kuma intanet babu, shafin BSD nake so a gabana.

TAMBAYA: Malam ina karanta kimiyyar kwamfuta, ina son in fara bada gudummawa a irin waɗannan ayyukan amma harshen C ɗina na rubuta manhaja bai yi ƙarfi ba. Ina da tsohon modem na USB irin wanda ake saka wa sim, na gwada a FreeBSD yayi aiki amma sunansa baya cikin shafin u3g. Zan iya sa a ƙara? — Wata ɗaliba daga Katsina

AMSA: 'Yar'uwa ai kin riga kinyi rabin aikin, domin abinda yafi wuya shi ne samun wanda yake da na'urar a hannu. Modem ɗin Huawei da ZTE da kamfanonin waya suka riƙa sayarwa a ƙasar nan da tambarinsu akai, da yawa masu rubuta direba a Turai ko Amurka basu taɓa riƙe irinsu ba, don haka rahotonki yana da daraja.

Shafukan suna cikin rumbun FreeBSD a share/man/man4, naki sunansa u3g.4, kuma fayil ne na rubutu zalla da zaki buɗe da kowace edita. Harshen da ake rubuta su da shi sunansa mdoc, Cynthia Livingston ce ta tsara shi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley wajajen 1990. Bambancinsa da tsohon salon man shi ne ba cewa ake wannan kalmar a yi mata kauri ba, cewa ake wannan sunan direba ne, wannan hanyar fayil ce, wannan nuni ne zuwa wani shafi, sai manhajar nunawa ta san yadda zata fito da shi a baƙin allo ko a shafin intanet. Kowane umarni da ɗigo yake farawa a farkon layi: .Sh kan sashe ne, .Nm sunan direban, .Xr nuni zuwa wani shafi, .Bl buɗe jeri, .It abu ɗaya a jerin, .El rufewa. Cikin yini ɗaya zaki gane.

Ki nemi sashen da aka rubuta .Sh HARDWARE, ki ƙara .It da sunan modem ɗinki a inda ya dace da tsarin jerin, kar ki jefa shi a ƙarshe kawai. Ki rubuta cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙarƙashin murfi, ba sunan kamfanin sim ɗin da aka buga a sama ba, kin dai ga abinda ya sami ɗan'uwanmu na Zariya. Sannan a can saman fayil ɗin akwai layin .Dd mai kwanan wata, a FreeBSD ƙa'ida ce duk wanda ya canja abinda shafi yake faɗa ya sabunta wannan kwanan, gyaran waƙafi ko harafi kam ba sai an taɓa ba. Su OpenBSD sun huta da wannan, nasu kwanan da kansa yake canjawa idan an shigar da gyara. Sababbi suna yawan mantawa da .Dd, kuma shi ne abu na farko da mai dubawa zai nuna miki.

Da kin gama ki buga mandoc -T lint u3g.4 ya duba miki kurakurai, sai man ./u3g.4 kiga yadda zai fito. Shi mandoc ɗin nan Kristaps Dzonsons ne ya fara shi a 2008, Ingo Schwarze ya ci gaba da riƙe shi, OpenBSD ta fara komawa kansa ta ajiye groff, tsohuwar manhajar da take fito da shafukan, daga baya FreeBSD ma ta bi. Baya da kunya, ko sarari ɗaya kika bari a ƙarshen layi sai ya faɗa.

Wajen aikawa kuma kar ki tura suna tsura. Ki haɗa da abinda dmesg ya nuna lokacin da kika soka, da lambobin da usbconfig ya baki, da sigar FreeBSD ɗin da kike kai, kuma ki faɗi abinda kika gwada da gaske, shin kin hau intanet da shi ne ko dai fitowa kawai yayi a jeri. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a modem, saboda da yawansu idan an soka da farko sai su nuna kansu a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows, sai an aika musu wani umarni sannan su juye su zama modem da wata lambar daban, kinga lambobi biyu kenan na na'ura ɗaya kuma duka ana son a gani. Zaki iya turawa ta Bugzilla ɗinsu ko ta GitHub, wato shafukan intanet da suke karɓar rahoto da gyara. Wani lokaci a karɓa cikin kwanaki, wani lokaci ya kwana biyu babu wanda ya kula, in haka ta faru ki sake tuntuɓa cikin ladabi, ba raini bane, hannaye ne sukayi kaɗan.

Abinda yasa suke tsanantawa akan sashen HARDWARE shi ne daga cikinsa ake ciro takardar jerin na'urorin da kowace fitowar FreeBSD take ɗauka, wadda ake wallafawa a shafinsu. Layin da kika ƙara can zai ƙare, mutum a wata ƙasa ya karanta ya fitar da kuɗinsa akai.

TAMBAYA: Ina da wata tsohuwar kwamfuta mai katin netwok da direban ed yake riƙewa, na ɗaga FreeBSD sai katin ya ɓace, man ed ma wani abu daban yake nuna min. — Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Abinda yake nuna maka editar ed ce ta sashe na 1, da ka buga man 4 ed zai ce maka babu, domin an cire direban. A FreeBSD 13.0 da ta fito a 2021 an sallami tarin tsofaffin direbobin katin netwok, ciki har da ed da de da ep da vx, kuma idan direba ya tafi shafinsa ma tafiya yake a tare. Basu yi shi a ɓoye ba, tun a siga ta 12 aka saka sanarwa a shafukan cewa ga abinda zai faru, wannan ma yana cikin aikin masu kula da littafin. Tsohon shafin kana iya karanta shi a man.freebsd.org, akwai wajen zaɓar siga sai ka zaɓi ta 12. Amma katin kam kar ka zauna akan tsohuwar siga saboda shi tunda an daina yi mata gyaran tsaro, nemi na hannu mai cip ɗin Intel da direban em yake ɗauka ko Realtek na re, ana samunsu da arha wajen masu kayan kwamfuta, ka dai duba irin ramin da allon kwamfutar taka yake da shi kafin ka biya.